Yadda Kakarmu Ta Zama Mai-manna

Ranar Talata da hantsi muka kai Kakarmu ta wajen uba makwancinta, kuma tun da nake zuwa zaman makoki ban taɓa ganin wanda mutane suka sha wahalar riƙe dariya irin nata ba. Mutum zai shigo zaure fuska a ɗaure, ya durƙusa gaban Baffa, babban ɗanta, ya ce, "Ya haƙuri?" Baffa ya ce, "Da godiya." A shafa fatiha. Da zarar ya buɗe baki ya ce, "Allah ya jiƙan Mai-manna," sai ka ga gefen bakinsa ya fara motsi. Baffa kansa yana ta ƙoƙarin tsare gida, amma gemunsa rawa yake.

Wani sabon surukinmu da ya zo daga Tudun Wada ya kasa haƙuri, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Malam, wannan suna da ake kiran marigayiya da shi, yabo ne ko tsokana?" Kafin in ba shi amsa mutum uku sun karɓe zancen, kowa da irin nasa labarin, har sai da Liman ya yi gyaran murya suka tuna inda suke.

A cikin gida kuwa kuka ake na gaske. Goggo, autarta, wadda ta yi jinyarta, ta kumbura ido har ba ta gani sosai. Ranar uku sai ga Bafillatanar nan ƙawar Kaka, wadda ta fi shekara talatin tana kawo mata man shanu daga ruga, ta shigo da ƙwarya rufe da faifai. Ta ji labarin rasuwar tun ranar da aka yi ta. Duk da haka ta kaɗa nononta ta tara man kamar yadda ta saba, ta zo ta ajiye shi a bakin murhu, ta ce, "Ban san inda zan kai shi ba." Nan matan gidan suka sake ɓarkewa da kuka, ni ma da nake tsaye a ƙofa sai da na juya baya.

Ranar bakwai jikoki mata suka yi nasu wasan kamar yadda aka saba in tsohuwa ta rasu. 'Yar Goggo ta ɗaura tsohon zanen saƙin Kaka, ta ranƙwafa, tana tsinkar iska da yatsu tana jefawa a tukunyar da babu komai, tana cewa, "Koma ka wanko kwanon nan, ba a zuba nawa a kan ƙazanta." Muryar sak. Goggo tana hawaye tana dariya, tana cewa a daina, tana kuma cewa a sake.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labaran nan uku da aka ba surukinmu. Duka na saurare su, kuma duka sun tsallake mutumin da ya jawo abin, ko don kunya ko don kara. Ni ne mutumin. Gara in rubuta da hannuna tun da sauran waɗanda suka gani da idonsu.

Kaka 'yar ƙaramar mace ce, mai saurin tafiya da saurin magana, ba ta iya zama hannu sake. Ni take kira maigida, irin wasan nan na kaka da jika, kuma kullum ƙorafinta ɗaya ne: an haɗa ta da maigidan da ba ya cefane, sai dai ya zo da allo da bakin cin abinci. In na ce mata ta tsufa zan sake ta in auro yarinya, sai ta ce, "Saki mana. Mu ga wadda za ta riƙe ka da wannan dogon wuyan."

Sana'arta ɗanwake, kuma a duk ƙauyukan da ke tsakanin Dangora da Kafin Maiyaki ba a haɗa nata da na kowa. Ita take surfa wakenta, ita take zaɓar dawar da za a niƙa tare da shi, kuka kuwa sai wadda ta shanya a inuwa da kanta. Kanwa takan jiƙa ta tun jiya, da safe ta tsiyaye ruwan sama, ta ɗiga a harshe, ta rufe ido. In ba ta yi mata ba sai ta zubar ta sake, ko da mutane sun cika ƙofa. Idan ruwa ya tafasa ta fara saki, yatsunta ba sa ganuwa don sauri. Ya taso, ta yayyafa ruwan sanyi, ya sake tasowa, ta tsame. Abin alfaharinta guda ne, kuma tana faɗinsa ba kunya: ka ɗauki ɗaya, ɗaya ne zai biyo ka. "Nawa ba ya riƙe ɗan'uwansa," in ji ta. Ɗanwaken da ya caɓe yana mannewa, a wurinta abin a rufe ƙofa a yi kuka ne.

Tana da faɗa, amma kwanon farko na kowace safiya ba na sayarwa ba ne. In akwai mai jego a gari, can za a kai. In babu, na wanda ya kwana da ciwo ne. In kowa lafiya, sai ta tsaya a ƙofa ta jira baƙon da zai fara wucewa, ko mai jaki ne ko makiyayi, ta miƙa masa, ta kuma yi masa faɗa in ya tsaya dogon godiya.

Ni kuma a lokacin na gama makarantar Midil a Kano, an turo ni sabuwar makarantar elemantare da aka buɗe a garinmu. Ba a son makarantar. Dagaci ne ya matsa aka tara yara da ƙyar, kuma kowane uba jira yake ya ga dalilin da zai janye ɗansa ya mayar da shi gona. Abin da kawai ya riƙe min mutunci shi ne Turanci. Ni nake karanta takardar da ta zo daga ofis, ni nake karanta rubutun jikin gwangwani da na kwalbar magani. An ɗauka babu kalmar da Bature zai furta in rasa ta, ni kuma ban taɓa gyara musu wannan zato ba. Gaskiya daɗi nake ji.

Ana tsakiyar marka, ruwa ya kwana uku yana zuba, sai ga wani Bature mai neman ma'adinin kuza ya nufi duwatsun Doguwa, motarsa ta kafe a rafin da ke bayan gari. Babbar motar da ke ɗauke da kukunsa da kayan abincinsa tana can baya, wani rafin ya tare ta. Direbansa ya tafi da ƙafa neman igiya da mutane. Shi kuwa sabon zuwa ne ƙasar, ko sannu bai iya ba. Kwana biyu ya yi a cikin mota yana shan ruwan zafi da ɗan ganyen shayin da ya rage masa, kafin Dagaci ya sa aka taho da shi ƙofar gidansa, aka shimfiɗa masa buzu a kan turmi, aka aika makaranta a kira ni.

Dagaci ya ce, "Baƙo ne, kuma da yunwa. A gaya wa Iya ta yi abin da ta saba." Kaka yake nufi, haka manyan gari suke kiranta.

Gari ya ɗauka. Kaka ta yi ɗanwaken da ba ta taɓa yin irinsa ba, ta kwarara masa man shanu, ta barbaɗa yaji kaɗan don an ce ba sa jure zafi, ta zuba a sabon akushi. Ta ƙi ba kowa ya kai. Ta ɗauko da kanta ta dire a gabansa, ta koma gefe ta durƙusa. Maza sun yi da'ira, mata suna leƙe ta kan danga, ni ina tsaye a dama da shi da farar rigata, ina jin kamar ni aka zo kallo.

Baturen ya dubi abin, ya juya ɗaya da cokalinsa, ya kai baki. Ya tsaya. Ya kai na biyu. Daga nan bai ƙara ɗaga kai ba sai da akushi ya koma fayau, aka ƙaro, aka sake ƙarowa. Da ya gama sai ya jingina, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama, ya zubo wata doguwar magana da sauri ta cikin hanci. Ni Turancin da na koya na malaman Midil ne, a hankali, kalma bayan kalma. Wannan kuwa ya wuce ni fuu. Abu ɗaya na kama, don sau biyu ya faɗe shi yana nuna sama: manna.

Kowa ya juyo gare ni. Kaka ta ce, "Maigida, me ya ce?"

Baffa ya riga ni. "Ni dai kamar mana na ji. Ko cewa yake a ƙaro mana?"

Aka yi dariya. Da na bi bayan Baffa, da an wuce wurin lafiya. Da na ce wa Baturen ya maimaita a hankali, da ya maimaita. Amma iyayen yarana suna tsaye, kuma ga Baffa da bai taɓa shiga aji ba yana neman ya riga ni fassara. Na ce a raina, wataƙila mutumin nan ya tsinci kalmar Hausa ɗaya a hanya, ga shi kuma yana nuna sama, to saman me? Sai na gyara tsayuwa na ce, da muryar aji, "Ba mana ya ce ba, manna ya ce. Yana nufin abincin yana manne masa a sama, a ganɗa."

Wani daga baya ya ce, "To ya aka yi ya cinye akushi uku?" Ni ɗin dai na sake cewa, "Yunwa ce." Wannan kalma ta biyu ita ta fi ci mini rai har yau, don ta farko tsoro ne ya fitar da ita, ta biyun kuwa da gangan na ƙara ta.

Kaka ta dube ni, ba ta dubi Baturen ba. Ta tashi ta ɗauki akushinta. Shi kuwa bawan Allah yana ta murmushi yana ɗaga mata hula, bai san an riga an yanka da sunansa ba. Washegari aka ciro motarsa ya wuce, ba mu ƙara ganinsa ba.

Kafin kasuwar Kafin Maiyaki ta sake ci, labari ya riga mu zuwa. Masu ɗanwaken da suka shekara suna jin haushinta suka samu abin yi. Yara suka sa mata Mai-manna. Ita kuwa da safen da Baturen ya wuce ta wanke babbar tukunyarta, ta kife ta a bayan rumbu, ta ɗora dutse a kai. Mutane suka zo da kwanoni ta ce su koma. Dagaci ya aiko, ta ce a gaya masa hannunta ya tsufa. Baffa ya yi lallashi har ya gaji. Ƙawarta ta kawo man shanu, ta ce ta kai wa matan gida.

Ta koma kaɗi, aikin da ta tsana tun tana budurwa. Takan zauna a ƙofar ɗakinta da mazari tana fitar da zare mai kauri da gargada, wanda ko masaƙin da ya fi kowa kunya ba zai karɓa ba. Ta rame. Ta daina faɗa, kuma wannan ya fi komai tayar wa gidan hankali. In na shigo gaishe ta takan amsa lafiya lau, amma ta daina ce mini maigida, sai Malam. Wata bakwai ana haka, aka yi girbi, aka yi sanyi, zafi ya shigo. Na san abin da na yi, ina kuma gaya wa kaina cewa wataƙila ma fassarar tawa daidai ce.

Da hutun bazara aka kira mu kwas a Kano, mu ƙananan malamai. A ɗakin karatun wurin akwai wani ƙamus na Turanci, ƙato, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Kwana huɗu ina zagaya shi. Rana ta biyar na buɗe, na ce bari in nema yadda Bahaushe zai rubuta, in ban samu ba shi ke nan na huta. Na bi da yatsa, sai ga ta, harafi biyar, daidai da tamu ba ragi ba ƙari. Ma'ana ta farko, abincin da Allah ya saukar wa Bani Isra'ila daga sama lokacin da suke cikin hamada ba su da abin ci. Ta biyu, duk wani alheri da ya faɗo wa mutum yana cikin matsi, bai zata ba, bai kuma yi wahalarsa ba.

Na karanta sau uku. Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa, har mai kula da ɗakin ya tambaye ni ko kunama ce. Ashe sama da mutumin yake nunawa sama ce ta gaske. Ashe yabon da ya yi wa Kaka ya fi duk wanda aka taɓa yi mata. Na kwafe bayanin a takarda, ana sallamarmu na hau motar gyaɗa da ta dawo babu kaya, na sauka a Kafin Maiyaki, na ari keke, na taka shi kamar ana bi na. A hanya ina ta maimaita yadda zan faɗa mata, ina dariya ni kaɗai.

Na same ta da la'asar tana kaɗinta. Ko keken ban jingine da kyau ba.

"Kaka, albishirinki. Baturen nan ba zagin ki ya yi ba. Manna a bakinsu abincin sama ne, abincin da Allah ya saukar. Ga shi na rubuto."

Ba ta ajiye mazarin ba. "Wa ya ce?"

"Littafi. Babban littafin kalmominsu."

"Wa ya karanta littafin?"

"Ni."

"Wa ya ce yana mannewa a ganɗa?"

Na ce, "Ai shi Turanci, kalma ɗaya takan yi ma'ana biyu."

"To, Malam, baki ɗaya ne ya faɗi na farko ya faɗi na biyu. Wanne zan kama?"

Na fita da takardata, na wuce wurin Liman, don na san shi ba za ta musa masa ba. Yana zaune a kan buzu yana gyaran alƙalami. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wata kalma ce ta Nasara na zo da ita." Na karanta masa ma'anar. Ya ajiye wuƙar.

"Sake faɗin kalmar."

"Manna."

"Kai, wannan ai mannu ne. Mannu da salwa, na mutanen Annabi Musa. Yana nan a cikin Alƙur'ani, yaran da ke karatu a zauren nan ma suna biya shi." Ya miƙe yana neman takalmansa, dattijon da ba a taɓa ganin yana sauri ba. "Ashe su ma suna da shi. To ai dole, mutanen littafi ne. Wata bakwai kalmar tana yawo a bakin yara a matsayin tsokana, ni kuma ina jin ta kullum, ban taɓa kawo wannan ba. Tashi mu je."

Muka taho yana gaba ina binsa, mutane suka ga Liman yana sauri suka biyo mu. A tsakar gida ya tsaya ya yi wa Kaka bayani: abu ne fari mai zaƙi kamar zuma, yana sauka da safe tare da raɓa, su dai su tashi su tsinta. Salwa kuma tsuntsu ne da ake turo musu.

Kaka ta saki mazari ya gangara. "Wato abincin mutanen Annabi Musa ya kamanta da ɗanwakena?"

"Haka maganarsa ta nuna, Iya. Sai dai kada a ɗauke ta da nauyi. Wancan daga Allah yake kai tsaye, ba hannun mutum a ciki."

"A'uzubillahi, ni na isa? Ni da na surfa wakena da hannuna." Tana faɗa tana gyara ɗaurin kallabi, fuskarta kuwa ta washe yadda ba mu gani ba tun damina. Sai ta ƙara, "Ashe ma rabi ya samu, bawan Allah. Da na sani da na yanka masa zabo ya cika salwar."

Gidan ya kaure da dariya, Goggo ta rangaɗa guɗa, Baffa yana ta cewa shi dai ya san ba zagi ba ne, tun ranar ya faɗa. Wani ya ruga bayan rumbu zai ɗauke dutsen kan tukunya. Kaka ta ɗaga hannu.

"A bar shi. A ƙofar gidan Dagaci aka faɗi waccan, gaban gari. Can za a faɗi wannan. Kuma wanda ya faɗi waccan shi zai faɗa, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya faɗe ta."

Kwana uku na yi ina juya abin. In na tsaya gaban iyayen yara na ce ban fahimci Bature ba, me ya rage mini? Makarantar da ƙyar take tsaye. Na je na roƙe ta ta bari Liman ya yi bayanin, ta ce Liman bai yi mata komai ba. Na ce za a kwashe yara. Ta ce, "In ƙarya ce ta tara su, gara su tafi gona."

Ranar Juma'a bayan an sauko, mutane suka taru a ƙofar gidan Dagaci kamar kullum. Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, ina da magana. Ranar da Baturen nan ya ci abincin Kaka, ban ji abin da ya ce ba. Kalma ɗaya na kama, ita ma ban san ta ba. Kunya ta hana ni in ce ban sani ba, sai na ƙirƙiro." Sannan na karanta takardar, Liman ya ɗora nasa bayanin.

Ba a yi mini da sauƙi ba. An yi dariya har da masu riƙe ciki. Mutum biyu suka janye 'ya'yansu a makon, ɗaya ya dawo da nasa bayan shuka, ɗayan bai dawo ba har yau, kuma yaron yana da kai, ina tuna shi. Ni ma na samu nawa sunan, Malam Ban-sani-ba, da shi ake nemana har a Kiru.

Amma wayewar garin Asabar, wanda bai gani ba an bar shi a baya. Tun da sassafe hayaƙi ya tashi daga bayan rumbu. Kafin rana ta ɗaga layin kwanoni ya fita zaure ya bi bakin danga ya kai gindin tsamiya. Mutanen ruga suka zo, masu zuwa gona suka ajiye fartanya suka shiga layi, Dagaci ya aiko da akushinsa. Kaka tana tsakiya, hannu yana tafiya, baki yana tafiya, ta kori mutum biyu su wanko kwano, ta yi wa Baffa faɗa ya tsaya mata a kan haske. Da na miƙa nawa kwanon ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane?" Sai da na koma gefe na share ido kafin in iya ci.

Sunan bai fita ba, sai dai ya juya. Ita da kanta take cewa a gaya wa baƙi gidan Mai-manna ne. Kalmar kuma ta shiga bakin gari da ma'anarta ta biyu, ta zauna. Ruwa ya sauka bayan an fid da rai, sai ka ji manomi ya ce wannan manna ce. Mai mota ya tsaya ya ɗauki mutum a hanyar Bebeji bai roƙa ba, manna ce. Baffa da Liman sun shekara suna gardama ko manna ce ake cewa ko manna ne, Liman yana cewa mannu namiji ne a Larabci, Baffa yana cewa shi a gidansu aka haifi kalmar kuma mace ce. Kaka kuwa tana da dokarta: abin da ka yi gumi a kansa ba manna ba ne. In mai ci ya ce mata ɗanwaken yau manna ne, sai ta ce, "A wurinka. Ni tun asuba nake tsaye."

Shekara shida ta ƙara tana sakin ɗanwake, har ƙafa ta hana ta tsayuwa. Kwana huɗu kafin ta cika na shiga wurinta da hantsi, Goggo ta fita ɗebo ruwa. Ta yi ƙanƙanta a kan gadon kara, amma idon yana nan. Na durƙusa na ce, "Kaka, ki yafe mini wata bakwai ɗin nan. Na sa kin yarda Bature ya raina abincinki, kin zauna da baƙin ciki a banza."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Kai dai har yanzu yaro ne. Ni na yarda? Shekara nawa ina kallon fuskar mai ci? Tun loma ta biyu na san abin da mutumin nan yake faɗa, ko da ban san da wace kalma ba."

Na ce, "To me ya sa kika kife tukunya?"

"Ba don shi na kife ba. Shi baƙo ne, ya ci ya wuce. Kai ne na goya. Na ga ka gwammace a yi dariyar tsohuwarka da a ce akwai abin da ba ka sani ba, kuma an ba ka 'ya'yan mutane ka koya musu. Na ce in na ci gaba da dafawa, shi ke nan ka sha, gobe ma haka za ka yi wa wani." Ta numfasa. "Na zaci kwana bakwai za ka yi. Ka bar ni da mazari har wata bakwai, ja'iri. Ka san kuwa yadda na tsani kaɗi?"

Ta miƙo hannu ta kama kunnena ta ɗan ja, kamar yadda take yi ina ƙarami, sannan ta ce in tashi in tafi, kada yara su jira ni a aji.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Kin daɗe a tsaye kina ciyar da mu. Allah ya zaunar da ke, ya ciyar da ke abin da ba sai kin hura wuta ba.